Tarin Fuka A Zangunan Ankara: Magani Kyauta Ne, Wata Shida Ne Ke Da Tsada

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya shiga Kasuwar Malam Atta da ke Ankara, babban birnin ƙasar Gana, wadda mutanen gari ke gutsure sunanta su ce Malata, ya san cewa tun kafin a idar da sallar asuba an riga an fara sauke kaya. Ga motocin doya da tumatir, ga buhunan masara da wake, ga albasar da aka ɗauko daga Adjen Kotoku, inda hukuma ta mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a shekarar 2021. 'Yan mata masu dako, waɗanda a nan ake kira kayayo, suna ta kai da komo da manyan kwanoni a ka, mai koko da ƙosai kuma tana zuba wa waɗanda suka riga kowa fitowa. A cikin wannan hayaniya, in mutum ya kasa kunne zai ji ana tari nan da can, amma ba mai waiwayawa. Kowa ya ɗauka ƙurar buhu ce, ko sanyin asuba, ko hayaƙin mota. Sau da yawa kuwa hakan ne. To amma ba kullum ba.

Mun daɗe muna gabatar da shirin lafiya da Hausa a gidan rediyon al'umma, kuma duk ranar da muka taɓo maganar tarin fuka, wanda wasu ke kira tibi, masu bugo mana waya daga Nima da Maamobi da Kotobabi ba sa taɓa cewa su ne ke fama da tarin. Kullum wani ɗan'uwa ne, ko wani maƙwabci, ko wani yaro da ke aiki a shagonsu. Mu ma ba ma tsananta tambaya, domin mun san abin da ke sa mutum ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shafin fatake shi ne labarin wani bawan Allah ɗan albasa daga yankin Galmi ta Jamhuriyar Nijar, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. Maigidansa, wato dattijon da ke saukar da shi a Nima, shi ne ya ba mu labarin da yardar mai shi. Kamar yadda aka saba, ɗaki ɗaya ne na baƙi a gidan, inda fatake biyar ko shida ke kwana idan kaya sun iso, taga ɗaya ce kuma an toshe ta da kwali saboda sauro da ƙarar unguwa. Wannan mutum ya fi wata uku yana tari. Ya sha maganin tari na kwalba daga kemis har ba ya iya ƙirga kwalaben, ya sha kafso, ya sha jiƙo, kuma da yake a shekarar kayansa sun yi kasuwa, ba a rasa masu raɗa masa cewa abokan sana'a ne suka yi masa jifa ba. Sai ranar da ya ga jini a cikin kakinsa sannan ya yarda maigidan ya kai shi asibitin gwamnati. Aka karɓi kaki aka gwada, washegari aka ce tarin fuka ne, aka buɗe masa kati, aka ba shi magani ba a karɓi ko sidi ɗaya ba.

Cikin mako shida zuwa bakwai mutum ya miƙe. Tari ya tsaya, gumin dare ya ɗauke, ya koma cin tuwo zafi kamar da. Ana cikin haka watan Maris ya kama, lokacin da ake cire albasa a Galmi, shi kuwa ya riga ya ba manoma kuɗi tun kafin shuka, ya kuma san in bai je da kansa ba wani zai kwashe kayan. Bai gaya wa ma'aikaciyar jinya ba, don yana gudun kada ta hana shi. Ya ɗauki sauran ƙwayoyin mako biyu da ke hannunsa ya hau mota, a can gida kuma ya riƙa sha yau ya bari gobe da jibi don su daɗe. Asibiti suka yi ta neman sa a waya, amma layin Gana ne suke da shi, shi kuwa tun a kan iyaka ya cire ya sa na Nijar. Bayan wata takwas ya dawo Nima, ramar da ya yi ta fi ta farko, kuma da aka sake gwaji sai aka ga ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin, wanda shi ne jigon magungunan. Abin da ya fi tayar wa maigidan hankali kuwa, jikansa ɗan shekara huɗu, wanda ke wuni a ɗakin baƙin yana wasa da su, ya daɗe yana zazzaɓi yana ramewa ba a san dalili ba.

Kafin mai karatu ya ga laifin wannan bafatake, ya tambayi kansa ko shi zai iya barin kuɗin da ya zuba a gona ya zauna wata huɗu a garin mutane alhali jikinsa na gaya masa ya warke. A nan matsalar take. Ƙwayar cutar tarin fuka, wadda wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya bayyana gano ta a Berlin ranar 24 ga Maris 1882, tana da jinkirin girma da taurin kai. A wata biyun farko ana shan magunguna huɗu a haɗe, wato rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, su ne ke kashe mafi yawan ƙwayoyin, shi ya sa marar lafiya ke jin ya tashi. Amma akwai ragowar da ke laɓe a cikin huhu kamar suna barci, waɗannan su ake bi da magunguna biyu na ƙarin wata huɗu. In aka tsaya a tsakiya, ko aka riƙa sha ana tsallakewa, ragowar sai su farfaɗo, kuma masu farfaɗowar galibi su ne mafi ƙarfi. Ba kowane wanda ya yanke magani ne ke gamuwa da irin mai bijire wa magani ba, amma ta wannan ƙofa yake shigowa, kuma wanda ya ɗauka daga gare shi zai iya ɗaukar mai bijirewar kai tsaye ko da bai taɓa shan ƙwaya ɗaya ba. A da, jinyar irin wannan takan kai wata 18 zuwa 24, da allurai na watanni waɗanda suka kurumtar da mutane da dama. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na wata shida wanda duk na sha ne, ba allura. Sauƙi ne babba, sai dai har yanzu jinya ce mai wahala da ke bukatar sa idon likita sosai.

Wasu masu gidajen haya a Zango kan ce baƙi ne ke kawo mana wannan ciwo daga arewa. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. Gana ta kafa shirinta na ƙasa na yaƙi da tarin fuka a shekarar 1994, kuma an daɗe ana zaton an ci ƙarfinsa, har sai da aka yi binciken ƙasa baki ɗaya a 2013, inda aka duba mutum sama da 60,000. Sakamakon ya nuna kimanin mutum 290 cikin kowane 100,000 na ɗauke da ciwon, wato kusan ninki huɗu na abin da ake zato, kuma maza sun fi mata. Ƙiyasin 'yan shekarun nan shi ne kimanin mutum 44,000 ke kamuwa a Gana kowace shekara, amma har zuwa 2024 waɗanda ake ganowa a ɗora su a kan magani ba su kai rabi ba. Sauran suna nan cikinmu, a trotro, a sahun masallaci, a majalisar shayi, a rumfar kasuwa. Bugu da ƙari, masu bincike a cibiyar Noguchi da ke Legon sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tarin fukar Gana wani jinsi ne na ƙwayar cutar da kusan a Afirka ta Yamma kaɗai ake samunsa. Ciwon ɗan gida ne, ba baƙo ba. Nijeriya ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi, a duniya kuwa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu a 2023, miliyan 1.25 suka rasu.

Abin da ke ba shi wurin zama a Nima da Maamobi ba asali ko ƙabilar mazauna ba ne, yanayin kwana ne. Tun da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930 unguwar ke karɓar baƙi, gidaje kuwa ba su ƙaru kamar yadda mutane suka ƙaru ba. Iyali guda a ɗaki guda, lunguna da mutum biyu ba sa iya gilmawa, ɗakuna da rana ba ta taɓa leƙawa. Ta iska ciwon ke yaɗuwa, idan mai shi ya yi tari ko atishawa ko ma magana, ƙwayoyin su yi sa'o'i suna yawo a ɗakin da ba iska. Hasken rana na kashe su, iska na kwashe su. Mutum ɗaya da ba ya shan magani na iya sa wa mutum 10 zuwa 15 cikin shekara. Mu fatake sai mu ƙara da namu: doguwar tafiya daga Ankara zuwa Legas ko Yamai a motar da aka rufe tagoginta ruf saboda na'urar sanyi, da kwanan tasha, da ɗakin baƙi irin na gidan da muka ambata.

Ba a ɗaukar sa ta gaisawa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta shan ruwa a moɗa ɗaya, kuma ba a gadonsa. Muna nanata wannan ne saboda abin da muke gani yana faruwa da mata a Kasuwar Malam Atta da ta Nima. Mace mai sayar da wake da shinkafa ko fura, in aka ji an ce tana da tibi, ranar ciniki ya mutu, ko da kuwa ta yi wata uku a kan magani, alhali likitoci sun tabbatar da cewa wanda ke shan maganin da ya dace a kan ƙa'ida, bayan kimanin mako biyu haɗarin ya sa wa wani ya ragu ƙwarai. Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce mai tarin da ba ta je asibiti ba, amma ita ba mai gudunta tunda ba a sa mata suna ba. Saboda haka mata ke ɓoyewa. Akwai wadda ta gaya mana cewa takan tsallake asibitin da ke kusa da ita ta hau mota biyu ta je wani mai nisa don kada 'yan unguwa su gan ta a layin masu tari, kuma a cikin buhun gari take ɓoye ƙwayoyin saboda kishiya da uwar miji. Maƙwabtanmu Tonawa ma suna kiran ciwon nsamanwa, wato tarin fatalwa, kamar mai shi ya riga ya zama na lahira. Su kuwa 'yan kayayo, waɗanda ke kwana su goma sha a ɗaki ɗaya ko a bakin shaguna, yinin da suka yi a asibiti yini ne da ba abinci, don haka sai ciwo ya kayar da su ake ganinsu.

Akwai kuma ruɗanin suna. A Hausa kalmar fuka na nufin ciwon numfashi irin na asma, wanda ke tashi ya lafa, ba kuma ya yaɗuwa. Da yawa in aka ce tarin fuka sai su ce ai su tun suna yara suke da fuka, su ci gaba da shan abin da suka saba. Alamomin da ake nema su ne tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, gumi da dare har ya jiƙa riga, rama ba dalili, rashin cin abinci, ciwon ƙirji, wani lokaci da jini a kaki. Kada a jira jinin, shi yakan zo ne a makare. Mai ciwon suga, da mai ɗauke da cutar ƙanjamau, da mai shan taba, da wanda ya yi aikin haƙar zinariya a ramukan galamsey ya shaƙi ƙurar dutse, su ne ciwon ya fi saurin kayarwa. Masu harkar shanu a Tulaku ta Ashaiman su ma su sani akwai irin na shanu da ake ɗauka ta nonon da ba a dafa ba.

An ce magani kyauta ne, kuma gaskiya ne, to amma ɗan kasuwa ya san kyauta ba ta hana asara. Binciken da aka yi a Gana a 2016 ya gano cewa kashi 64 cikin 100 na gidajen da ke da mai tarin fuka sun yi asarar abin da ya haura kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, mafi yawa ta hanyar rashin fita nema, da kuɗin abinci, da na mota, da kuma abin da aka zubar a kemis da wajen masu magani kafin a gano ciwon. Wannan ne ya sa a 2018 gwamnati ta ce a riƙa yi wa masu tarin fuka rajistar inshorar lafiya ta ƙasa kyauta. Duk wanda aka buɗe wa kati ya tambayi wannan haƙƙi nasa. Ita ma hukuma tana da nata laifin. Daga 2023 zuwa 2024 kwantenonin magunguna da kayan gwaji da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya aiko sun yi watanni a tashar jirgin ruwa ta Tema saboda taƙaddamar haraji da kuɗin fito. Mu da muka san yadda kaya ke ruɓewa a bakin iyaka saboda takarda ɗaya ba mu yi mamaki ba, amma wanda ake ce wa kada ya tsallake ko kwana ɗaya, bai kamata a bar maganinsa a rana ba.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2014 cutar amai da gudawa ta kama kusan mutum 29,000 a Gana ta kashe 243, mafi yawa a Ankara da kewaye, kowa ya tashi tsaye, aka yi ta yashe kwatoci har da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. A watan Maris 2020 kuma korona ta sa aka yi feshi a kasuwanni, aka kulle Ankara da Kumasi mako uku, aka rufe Aflao da Elubo da Paga, ba a sake buɗe su ba sai Maris 2022, fatake da yawa jarinsu ya karye. Waɗannan cututtuka suna zuwa da kururuwa, shi ya sa ake yi musu shiri. Tarin fuka yana kashe dubban mutane a ƙasar nan kowace shekara, ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗaki, sai dai a ji an ce wane ya rasu bayan doguwar jinya. Ba mu ce a rufe iyaka saboda shi ba, rufewar ma ba za ta yi amfani ba. Abin da ya kamata ya riƙa tsallake iyaka tare da bafatake shi ne katinsa.

Wannan kuwa abu ne mai yiwuwa, domin irin maganin da ake bayarwa a Gana shi ake bayarwa a Togo da Benin da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya, kuma a duk ƙasashen kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda tafiya ta kama shi yana tsakiyar magani, ya je ya faɗa wa ma'aikatan tun da sauran kwanaki, ba ranar tashi ba. Ya nemi a rubuta masa takardar mayarwa mai ɗauke da ranar da ya fara da irin maganin da sakamakon gwajinsa, a ba shi ƙwayoyin da za su kai shi har ya isa ya kuma sami asibiti a can, ya bar lambobin wayarsa na ƙasashen biyu da ta maigidansa. Ya tuna ana sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida, kuma gwajin ne ke cewa an warke, ba jiki ba. In fitsari ya koma ja kamar an ɗiga manja, aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba ne; in ido ya yi rawaya ko gani ya dushe, wannan kam a koma asibiti a ranar. Masu tambayarmu game da azumi, sau ɗaya ake shan maganin a yini, ma'aikatan jinya kan daidaita wa mutum lokacinsa, kada ya yanke da kansa. Wanda kuma ke Ankara yana tari, ga babban asibitin Maamobi kusa, ga sashen ciwon ƙirji na Korle Bu, kuma na'urar GeneXpert da ake amfani da ita yanzu cikin kimanin sa'a biyu take nuna ko akwai ciwon da kuma ko yana jin rifampicin.

Ga masu gida da shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Zango, nauyi ya fi yawa a kansu, domin bafatake yakan ji maganar maigidansa fiye da ta likita. In an sami mai ciwon a gida, duk wanda ke kwana tare da shi a kai shi a duba, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda ake ba maganin kariya ko da ba su nuna alama ba. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tana kare su daga munanan nau'o'in ciwon, amma ba ta hana babba kamuwa da na huhu.

Dattijon nan na Nima ya kai jikansa asibiti, aka tabbatar tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani, yanzu har ya fara mayar da jiki. Sauran fataken ɗakin an samu an duba uku, biyu kuwa sun riga sun wuce, ɗaya Bawku ɗaya Sinkanse, ana ta aika musu saƙo ta bakin direbobi. Shi ɗan albasar yana wata na huɗu a sabon magani, ƙaninsa ne ya je Galmi a madadinsa bana, maigidan kuma shi ke miƙa masa ƙwayoyin da hannunsa kowace safiya bayan an dawo daga masallaci. Ranar da muka je gidan mun tarar an cire kwalin da ke tagar an sa raga, an kuma fasa bango an ƙara taga ta biyu, maigidan yana ta faɗa da magini a kan kuɗin aiki.